Allura a Ruwan Roƙon Malsun

Bang Malsun, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Mokpo ta ƙasar Koriya, mace ce da ko gaishe ka ta yi sai ka ɗauka faɗa take nema. 'Yarta Dasom ta faɗi jarrabawar shiga jami'a bara, uban kuma ya rantse bana ce ta ƙarshe: in ta sake faɗuwa, sai rumfar kifi. Malsun kuwa ba ta haifi 'ya don ƙarnin rumfar nan ba. Kullum da asuba takan ɗora kwanon ruwa mai tsabta a kan randar kimchi, kabejin da suke tsimawa da yaji, tana murza hannuwa tana roƙo.

Ran nan ta tarar da allura kwance a saman ruwan, Dasom tsugune da littafin fiziks.

"Ke! Ruwan roƙon nawa kika mayar abin wasa?"

"Umma, karatu ne fa. Saman ruwa a ɗaure yake kamar fatar ganga, shi ya riƙe ta. Bara a nan na sha ƙasa. Duba ki gani." Ta dangwali sabulu ta taɓa ruwan. Allura ta nutse.

Malsun ta dafe ƙirji. A gidan da aka haramta miyar ciyawar teku don kada santsinta ya kayar da yarinya, a ce abu ya nutse a kwanon roƙo!

"Shashasha! Da hannunki za ki nutsar da kanki?"

A ranar ta tattara duk sabulun gidan ta kai wa maƙwabciya.

Mijin Malsun ya ce, "Maman Dasom, ƙarnin nan fa?"

"Da shi ka aure ni, tsoho. Yau hancinka ya buɗe?"

Tun daga nan ba ta roƙo sai ta kwantar da allura ta ga ta tsaya. Safiyar jarrabawa tana kwantar da allura sai ta nutse. Ta tsamo ta, ta zage ta, ta zagi miji, ta haɗa da wanda ya ƙirƙiro fiziks. Dasom ta fito rataye da jaka, ta goge allurar, ta ɗora ta a kan 'yar takarda mai laushi a saman ruwan. Takarda ta jiƙe ta yi ƙasa, allura ta zauna daram.

"Wuce, mara kunya! Ni kike wa dariya?"

Yarinya dai ta ci. Har yau in ka yabi ƙoƙarin Dasom sai Malsun ta watsa maka harara: ita ta yi ta yawo da ƙarni a gari, wata can ake yabo.