Baburin da Haladu Ya Lulluɓe

Shekara uku muka yi da Haladu Nababa a ɗaki ɗaya a unguwar Mansura da ke Doha, mu shida. Ni gadi nake yi a wani kanti, shi kuwa yana kai wa mutane abinci gida-gida a kan babur. Mutumin Funtua ne, shekararsa arba'in da shida, mai ƙarancin magana. A garejin mahaifinsa ya tashi, ya iya kwance inji tun kafin ya iya ɗaura rawani. Idan babur ya wuce ta ƙasan tagarmu yana wani irin kuka, sai ka ga ya yamutsa fuska kamar shi aka taka.

Baburin da yake hawa ba nasa ba ne, na kamfani ne. Amma ka je ka gaya masa. Muna tsokanarsa cewa ya fi sanin lafiyar mashin ɗin nan a kan ta Haulatu, matarsa da ke gida. Sai ya ce ai Haulatu tana da baki, za ta faɗi abin da ke damunta.

A kamfaninsu doka ɗaya ce: mutum ɗaya, babur ɗaya. Wanda ba shi da babur a sunansa ba shi da aiki, wanda kuma ba shi da aiki ba shi da zaman Doha. A shekarun Haladu, in aikin nan ya kuɓuce, babu wani kafil, wato ubangida mai ɗaukar nauyin biza, da zai sake ɗauko shi daga Najeriya. Ya san haka sarai.

Da sanyi ya shigo a watan Disamba aka ba shi hutun kwana arba'in da biyar, na farko tun zuwansa. Lokacin ne kuwa aiki ya fi yawa, domin gari ya yi daɗi, kowa yana zaune a waje yana kiran abinci, kamfani na ta ɗaukar sababbin ma'aikata. Don haka masu babur suna da dabararsu. Mai tafiya hutu ba ya barin mashin lafiyayye. Zai sace wa taya iska, ya bar batir ya mutu, ya kai rahoton cewa giya na tsalle. Sai a tura babur can ƙuryar rumfa cikin masu jiran gyara, inda babu wanda zai waiwaye shi har mai shi ya dawo.

Ismail, abokin aikinsa da za su fara hutu a mako ɗaya, har ɗaki ya zo ya yi masa bayani.

"Yaya Haladu, kada ka kuskura ka bar musu shi tsaf. Wallahi ɗauka za su yi."

"In lalata abu da hannuna, sannan in yi masa ƙarya?" in ji Haladu. "Amana aka ba ni."

"Amanar wa? Su sun san ka?"

Haladu ya ci gaba da ninke kayansa.

Ranar Juma'ar ƙarshe ba ni da aiki, na raka shi Sanaiya, inda rumfar kamfanin take. Ban taɓa ganin an yi wa ƙarfe irin wannan hidima ba. Ya wanke babur, ya goge shi har ya bushe, don ya ce damshin teku ke cin ƙarfe a garin nan, ba ruwan sama ba. Ya juye tsohon baƙin mai ya zuba sabo. Ya cika tanki fal, wai in aka bar sarari a ciki raɓa za ta taru ta kawo tsatsa. Ya bi sarƙa gaɓa-gaɓa da giris. Ya cire wayar batir ya naɗe bakinta, ya ƙara wa tayoyi iska, ya ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, ya sa katako biyu a ƙasa. Har bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ya toshe da tsumma saboda ƙwari. Leda kuwa ya ƙi ta, ya ce tana sa mashin gumi. Zanin gadonsa ya kawo ya lulluɓa, ya ɗaure da igiya don kada magunan Sanaiya su mai da shi ɗakin haihuwa.

A gefe ga na Ismail, taya a kwance, madubi ɗaya a karye, ƙura ta rufe lamba. Na dubi wannan na dubi wancan, kuma in faɗi gaskiya, alfahari na ji da Haladu. Har yau ina jin haushin kaina a kan haka.

Ya dawo ƙarshen Janairu da kilishi da ƙuli-ƙuli, ya yi 'yar ƙiba. Washegari da safe muka tafi Sanaiya tare, don hanyata ce. Wurin da ya bar babur babu komai sai katakon nan biyu.

Abdul-Hakim, mai kula da masu babur, ya fito yana murmushi, har da dafa masa kafaɗa.

"Haladu! Mashallah, hannunka na da kyau. Mun ɗauki sababbi a Disamba, muka duba baburan masu hutu guda tara. Naka kaɗai ya tashi. Bugu ɗaya!"

"To ina yake?"

"Yana kan titi, yana aiki. An mai da shi sunan wani."

"Ni fa?"

Abdul-Hakim ya buɗe hannuwa. Ya ce babu babur a ƙasa, ba za a sayo sababbi ba bana, kwantiraginsa kuma dama ya kusa ƙarewa. Khalas, magana ta ƙare. Kamfani zai ba shi tikitin komawa.

Muna tsaye Ismail ya turo nasa daga ƙurya. An yi wa tayar iska, an ba batir wuta, ya tashi yana tari yana hayaƙi. Ismail bai iya haɗa ido da mu ba. Ya sa hular kwano ya fita aiki.

Na so Haladu ya yi zagi, ko ya daki wani abu. Shi kuwa ya zauna a bakin dakali, ya daɗe yana kallon hannuwansa. Can wayarsa ta yi ƙara. Haulatu ce, muryarta tana fitowa har inda nake.

"Baban Jannat, ka shiga aiki? Ka samu mashin ɗin naka lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce.

"To alhamdulillahi."

"Haulatu."

"Na'am?"

"Ki daina gaya wa mutane na koma. Ina nan tafe."