Ranar da Sale ya sa hular askari

Saura taku kaɗan ƙanena Sale ya zo na ɗaya, sai kawai ya ci birki, ya juya da gudu!

A Madina ne, shekarun 1980, a wani fili a unguwar Khalidiyya. 'Yan sanda ne suka haɗa gudummawa suka shirya wa masu lalurar ƙwaƙwalwa irin su Sale tsere, har takalma suka saya musu. Matsalar, su ne kuma suka riƙe igiyar ƙarshe. Mu kuwa lokacin ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, kullum Umma cikin ja masa kunne take: in ka ga askari, wato ɗan sanda, ka gudu.

Sai ɗaya daga cikin 'yan sandan ya cire hula ya bi shi. Ashe jikan Kanawa ne.

"Ya Sale, ta'al, zo nan! Yau ba mai tambayar takarda!"

Sale ya tsaya yana haki. "Rantse."

"Wallahi. Ungo hular ma, mu ƙarasa tare."

Na ƙarshe ya zo, da hular askari a kansa, yana sara wa kowa. Har yau cewa yake shi ya ci tseren, ni kuma ban taɓa musa masa ba.

Ku fa, wa ya taɓa cire muku tsoro haka?