Gaurakan Gidan Kulu

Kulu ba 'yar Zariya ba ce. Tana ƙarama aka kawo ta wani rinji, ƙauyen bayi, a kudu da birni, ba ta ma san sunan garinsu ba. Da Turawa suka zo, bayi suka fara watsewa, ta bi wani magini mai suna Ɗantsoho, suka yi aure, suka kafa bukka a Tudun Wada lokacin gidajen unguwar ba su da yawa. Shi yana ginin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, ita tana toya waina a bakin hanyar tasha. 'Yarsu ɗaya, Saratu.

Ɗantsoho ne ya tsinto ɗan gauraka a fadamar Kubanni, ya kawo wa yarinyar. Saratu ta ɗaura masa jan zare a ƙafa. Duk bayan wata biyu uban yakan rage masa gashin fiffike ɗaya don kada ya tashi. Kulu ba ta damu da tsuntsun ba, sai dai ta kore shi idan ya sa baki a gero.

Shekarar da annobar mura ta shigo gari, Saratu ta rasu ranar Talata, Ɗantsoho ya bi ta ranar Asabar. Kulu ta shiga takaba. Maƙwabta sun ce ba su ga hawayenta ba. In an ba ta abinci ta ci, in an manta ta zauna. Gauraka yana yawo a tsakar gida, takan watsa masa dawa ba tare da ta dube shi ba, ba wanda ya tuna da fiffikensa.

Kwana biyu da fitarta takaba, ta fito da safe da dawa a hannu, babu shi. Ta duba bayan rumbu da bakin rijiya. Ta yafa zane ta fita.

Gwaggo Maijidda, maƙwabciyarta, ta tare ta a ƙofar gida. "Ina zuwa, Kulu?"

"Tsuntsun nan ne ya fita."

"Da ma kina sonsa ne?"

"A'a," in ji Kulu, ta wuce.

Ranar farko ta zaga Tudun Jukun gida gida. A wasu gidajen ta yi sallama ba a amsa ba, masu gidan duk sun ƙare. Rana ta biyu ta je wajen tasha, wani kuku ya ce Turawa suna son irin tsuntsun, ta tambaya a barikinsu. Mai gadi bai bar ta ta shiga ba. Ta tsaya jikin shinge har azahar, ba ta ji kukansa ba, ta dawo.

Rana ta huɗu wani mai lambu a Gyallesu, Malam Junaidu, ya ce gauraki suna sauka a ƙarshen rakensa da hantsi, kuma akwai ɗaya da ba ya gudun mutane. Ya raka ta. Guda bakwai ne. Da suka matso shida suka tashi, ɗaya ya tsaya, da zaren a ƙafarsa, ya koɗe ya yi baƙi.

Kulu ta kwance bakin zaninta ta miƙa dawa. Ya tako ya ci a tafinta. Ta kama shi ta rungume a hammata.

"Alhamdu lillahi, kin dace," in ji Malam Junaidu.

"To," ta ce.

A gida ta ɗauko askar Ɗantsoho. Ba ta taɓa lura da yadda yake yi ba, ta yanka fiffiken tsuntsun ya wuce, jini ya fito. Ta shafa toka a wurin, ta daɗe zaune da tsuntsun a cinya. Gwaggo Maijidda ta leƙo, ta tambaye ta ko za ta jiƙa gero, ana ta cigiyar wainarta a tasha. Kulu ta ce sai jibi.

Ta koma sana'arta. Gaurakan ya ƙara shekara tara a gidan, fiffiken nan bai sake miƙewa daidai ba. Daga baya Kulu ta auri wani mahauci, Salmanu, ba su haihu ba. Ta rasu a Tudun Wada da tsufanta, 'ya'yan Salmanu ne suka yi jinyarta.