Zayyanar da Malam Ya Yi da Maus

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Dutsin-Ma, na ɗora wa kaina koyon zane a kwamfuta. Ba ni da allon zane irin na masu hali, sai wata tsohuwar laftof da maus, wato linzamin nan da ake ja a kan tebur. Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san wahalarsa. Ka yi niyyar jan layi zuwa gabas, ka tsince shi a kudu. Ranar da na zana tulu na nuna wa abokina, sai da ya daɗe yana kallo sannan ya ce ai kabewar ta yi kyau.

Shi abokin nan nawa ne ya tausaya mini ya nuna mini 'yan dabaru. Ya ce in daina jan layi da tsawo kamar mai sharar tsakar gida. In jawo hoton kusa sosai, in rage wa maus gudu, sannan in riƙa danna ɗigo nan, ɗigo can, kwamfuta ta haɗa layin da kanta. Idan na ɓata, akwai maɓallin komawa baya. Da haka hannuna ya fara faɗawa, har na soma jin kaina wani ne.

A gida kuwa, can Kurfi, wani abu ne ke damun kowa ba a faɗa. Mahaifinmu malamin allo ne, mu ma Malam muke ce masa, kuma shi ke yi wa allon sauka zayyana. A takarda yake zanawa da alƙalami da tawada mai launi, a manna a jikin allo. Duk cikinmu babu wanda ya sauke Alƙur'ani bai samu allo daga hannunsa ba, kuma kowa da irin nasa zanen. Allunan suna rataye a ɗakin mahaifiyarmu, a jere bisa ga haihuwa. Saura gurbi ɗaya a ƙarshe, na autarmu, wadda saukarta ta matso.

Matsalar ita ce hannun Malam ya fara rawa. Da farko shayi ne ke zuba, daga baya alƙalami ya gagara. Mahaifiyata ta gaya mini ya gwada zanen a ɓoye, ta iske takardun a yayyage bayan randa. Daga nan ya koma ɓoye hannun cikin riga idan ya yi baƙi. Yayanmu ya kawo shawarar a sayo allo zanannen a kasuwa, tunda ana samu masu kyau. Auta ta tashi ta shige ɗaki. Da na bi ta sai ta ce, "Yaya, ni kaɗai ce zan rataya na kasuwa?" Wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Sai na ga ai ga inda gwanintata za ta yi rana. Na ɗauki hoton allunanmu, na koma Dutsin-Ma, na zauna na haɗa zayyana tsaf. Na dawo ina taƙama, na durƙusa na buɗe wa Malam laftof.

Ya kalla da kyau ya ce, "Ya yi kyau, Allah shi yi albarka. To amma wannan naka ne. Ita nawa take jira."

Na fara naɗe wayar maus. Sai na ji ya ce, "Shi wannan abin, da mi kake riƙe shi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba a ɗaga shi. A ƙasa yake zama, turawa kawai ake."

Ya fiddo hannun daga riga ya dube shi. Ya ce, "Kawo mani in gani."

Washegari da hantsi, lokacin da rawar hannun ke ɗan lafawa, muka zauna a zaure. Maus ya ƙi tafiya a kan tabarma, sai da Auta ta ɗauko kujerar tsugunno muka shimfiɗa kwali a kai. Ranar farko dariya ce ta cinye ta. Malam ya riƙe maus da yatsu uku kamar alƙalami, kuma bini-bini sai ya ɗaga shi sama ya kai gefe, yana neman kurtun tawada. Da ya ankara sai ya yi tsaki ya ce, "Diba mani tsufa." Na nuna masa maɓallin komawa baya, ya ga layin da ya karkace ya ɓace ba tabo. Ya ce a zamaninsu da akwai wannan, da malaminsa bai gaji da dukansa ba.

Na bi da shi duk yadda aka bi da ni. Na rage gudun maus har ƙasa, na jawo zanen kusa, na ce ya kwantar da tsintsiyar hannunsa a kan kujerar ya dafa da na hagu. Abin ya yi aiki, domin yana iya kai kibiyar inda yake so. Amma da zarar ya zo dannawa sai yatsan ya fizga, ɗigon ya faɗa wani wuri. Ya gwada, ya sake gwadawa. Can ya ture maus ɗin a hankali ya mayar da hannunsa cikin riga. Ya ce, "Ku gaya wa yayanku ya sayo na kasuwar."

Ban taɓa jin muryarsa ta karye haka ba, kuma ni dabarata ta ƙare. Auta ce, wadda ke tsugune a gefe, ta nuna maɓallin da ke jikin laftof ɗin ta ce, "Yaya, wannan ba shi ma yana dannawa ba?" Na ce yana yi. Ta matso ta ce, "Malam, ku kai shi wurin kawai. In kun kai ku ce mani, ni sai in danna."

Ni da nake jin kaina gwani, wannan bai taɓa zo mini a ka ba.

Haka aka yi. Malam ya tura maus da hannu biyu a hankali, idan ya kai sai ya ce, "Nan." Ita kuma ta danna. Ya sake turawa. "Nan." Ta danna. Layi ya fito miƙe, kusurwa ta fito daidai. Aikina ya koma na ɗan kallo da kai laftof caji. Kullum da hantsi, kafin batir ya mutu, abin da ake ji a zaurenmu ke nan, muryar Malam da ƙarar dannawar Auta. Wani lokaci ya ce, "A'a, ɗiyata, kin yi sauri, maida shi baya." Wani lokaci ita ta ce, "Malam, nan ɗin ne kuwa?" ya harare ta yana murmushi. Zanen da ya fito bai yi kama da nawa ba ko kaɗan, kuma bai maimaita na kowa a cikinmu ba.

Na kai Dutsin-Ma aka buga baƙaƙen layukan a takarda mai kauri. Launin kuwa Auta ta cike da tawada, ja da kore da rawaya, yana gaya mata inda kowanne zai shiga. Ranar sauka wani aminin Malam ya ɗaga allon ya ce, "Ashe hannu ya dawo?" Malam ya fiddo hannun a gaban jama'a, yana rawarsa, ya ce, "Bai dawo ba. Aro na yi."

Yau zane ne sana'ata, kuma na daɗe da barin maus. Amma duk mai koyon da ya ce mini hannunsa ba ya tsayuwa, ko ba shi da kayan aiki, ba na yi masa dogon bayani. Nakan ce ya rage gudu, ya jawo kusa, ya bi ɗigo-ɗigo, kuma kada ya ji kunyar neman wanda zai danna masa. Ni na tafi da niyyar in yi wa mahaifina aikinsa, alhali abin da yake so kawai a bar masa aikin a hannunsa.

Malam ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Da aka tashi kai Auta ɗakinta, allon ne farkon abin da ta sauko da shi daga bango. Kwanaki na je gidanta na same shi a rataye, na tsaya ina yaba yadda launin bai koɗe ba. Sai ta zo ta ɗora yatsa a kan wata kusurwa, ta matsa zuwa ta gaba, ta sake matsawa.

Ta ce, "Yaya, kai zane kake gani. Ni kowace kusurwa a nan, ina jin sa yana ce mani 'nan'."