Kalmar Sirrin Haris

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a unguwar Matsaro, cikin garin Haɗeja, ya san Shamsiyya, wadda ake kira Maman Najwa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma idan tana buga rubutu ba ta kallon yatsunta. Mahaifinta mai bandar kifi ne, ita ce ta farko a gidansu da ta gama sakandare. Daga nan ta koyi aiki a wani shagon buga takardu. A can ta haɗu da Haris mai ɗaukar hoto, ranar da ya zo a buga masa katin talla ya tsaya yana gyara mata kuskuren da ba ta yi ba, don kawai ya samu abin faɗa.

Haris mutum ne mai yawo. Biki a Miga, suna a Kafin Hausa, idan babu aiki kuma ya hau babur zuwa Baturiya ya wuni yana ɗaukar hoton tsuntsaye. Duk abin da ya ɗauko a kwamfutarsa yake zubawa, wata siririya mai launin azurfa da ya sayo ta hannu a Kano, ƙirar wani babban kamfanin ƙasar waje. Yana ji da ita ƙwarai. Idan aka buɗe ta sai ta yi wata 'yar ƙara mai daɗi, sannan ƙaramin hotonsa ya fito a tsakiya, yana dariya, da hula a karkace. A ƙarƙashin hoton akwai gurbin kalmar sirri. Shamsiyya ba ta taɓa tambayarsa kalmar ba. Ba ɓoye mata ya yi ba, kawai dai kullum yana nan, shi yake buɗewa.

Shekarar babbar ambaliya aka kira shi ɗaukar hoton suna a wani ƙauye bayan Kirikasamma. Ruwa ya cinye hanya, sai suka shiga kwalekwale. A cikin kachala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwalen ya kife. An samu gawarsa washegari. Wayarsa da kyamararsa suna can ƙarƙashin ruwa har yau.

Sai da ta fita takaba sannan ta iya taɓa kwamfutar. Ta buɗe, ƙarar nan ta tashi, fuskarsa ta fito tana mata dariya. Ta rubuta sunan 'yarsu Najwa. Gurbin ya girgiza kamar mai cewa a'a. Ta rubuta nata sunan, da na mahaifiyarsa, da ranar aurensu, da lambar babur ɗinsa. Da ta yawaita, sai kwamfutar ta ce ta dakata ta jira.

Ta kai wa Mala, aminin Haris, Babarbare mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ya juya ta, ya gwada abin da ya sani, ya tuntuɓi abokan sana'arsa na Kano, sannan ya aika a kira ta.

"Maman Najwa, ba zan ɓoye miki ba. Abin da ke ciki a kulle yake, kuma makullin ita ce kalmar nan. Kamfanin zai iya turo lamba ta taimako, amma wayarsa zai tura wa."

"A ciro abin da hotunan ke ciki mana, Yaya Mala."

"Irin wannan a manne yake da jikin injin. Ko an ciro ma, ba ya karantuwa."

Ta bi ta kan layin wayar, amma da sunan Haris aka yi rajistarsa, kafin ta gama haɗa takardu an riga an rufe shi.

Daga nan mutane suka fara zuwa. Wasu ango da amarya daga Miga suna neman hotunan bikinsu da ba a kai ga wankewa ba. Wani direba yana neman na sunan ɗansa. Ta ba su haƙuri, suka yi mata ta'aziyya, suka tafi. Wadda ba ta daina zuwa ba ita ce Iya, wata tsohuwa mai sayar da daddawa daga Kafin Hausa. Ɗanta Auta ya rasu da zazzaɓi a wannan daminar, kuma Haris ya taɓa ɗaukarsa hoto ranar kasuwa, yana riƙe da ragon da ya kiwata. Ba shi da wani hoton a duniya. Duk sanda Iya ta shigo Haɗeja sai ta biyo, ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "'Yata, ya buɗe?" Ba ta cewa an buɗe. Cewa take ya buɗe, kamar akwai mutum a ciki da ake jira ya ga dama.

A hankali Shamsiyya ma ta fara jin haka. Idan cajin kwamfutar ya ƙare sai hankalinta ya tashi, kamar ta bar wani da yunwa. Idan babu wuta sai ta naɗe ta a zane ta kai shagon caji. Wani lokaci tana tsakar gida tana tankaɗe sai ta ji 'yar ƙarar nan sarai daga ɗaki. Ta shiga da gari a hannu, ta tarar da ita a rufe inda ta bar ta. Ba ta faɗa wa kowa ba. Kowace safiya takan buɗe ta gwada kalma ɗaya, shi kuma yana kallonta yana dariyar da ba ta canzawa, alhali ita tana ramewa.

Ana cikin haka mai shagon da take wa aiki ya tashi ya koma Dutse da injinansa. Masu kawo aiki suka biyo ta gida, ɗalibai da ƙungiyoyin manoman shinkafa, amma ba ta da abin bugawa. Mala ya zo gaishe ta wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

"Injin nan na Haris lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Manhajar kamfanin ce ta kulle ki a waje. Akwai wata ana ce mata Linux. Kyauta ce, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suke gina ta, kowa yana iya duba yadda aka yi ta. Ba sai kin nemi izinin kowane kamfani ba. Ni ita nake amfani da ita."

"To, a sa mana."

Ya murza hularsa a gwiwa. "Sai an share komai. Ba abin da zai rage."

Ta ce za ta yi tunani. Tunanin ya ɗauke ta har aka yi girbi. Sannan wata ranar kasuwa ta hau mota zuwa Kafin Hausa, ta nemi Iya a rumfarta, ta durƙusa ta faɗa mata komai. Iya ta daɗe tana kore ƙudaje daga kan daddawa.

"Hancinsa nake mantawa," ta ce. "Idona yana kawo mini goshinsa da haƙoransa, amma hancin ya ƙi zuwa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ki je ki yi sana'arki, kina da marainiya. Amma don Allah kada ki faɗa mini ranar da za ki yi."

Da hantsi suka yi, a shagon Mala, injin niƙa na maƙwabta yana ta ruri. Kafin a fara ta ɗaga wayarta ta ɗauki ƙaramin hoton nan na Haris. Ya fito dishi-dishi, da inuwarta a kansa. Mala ya soka filash mai ɗauke da sabuwar manhajar, rubuce-rubuce suka gudana, har aka zo inda aka tambaya ko a share duka. Ya janye hannunsa, ya ce zai je ya sha ruwa. Ta zauna ita kaɗai. Ta yi wa Haris addu'a, ta yi wa Auta, ta yi bisimilla, ta danna.

Sabuwar manhajar ta tashi shiru, babu ƙara, babu fuskar kowa. Ta tambayi suna, Shamsiyya ta rubuta nata. Ta zaɓi kalmar sirri, tana komawa gida ta faɗa wa ƙanwarta Saudatu da Najwa, ta sa suka maimaita.

Makonnin farko ta sha wahala. Komai ba a inda ta saba ganinsa ba yake, injin buga takardar da ta samo ya ƙi jin magana sai da Mala ya zo ya daidaita shi. Amma ta saba. Ta gano yadda za ta riƙa sa ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba, malaman Hausa suka fara turo mata ɗalibansu. Ta kama ɗan shago a Matsaro. Har ta koyi sa manhajar da kanta, tana tayar wa mutane tsofaffin kwamfutocin da suka fid da rai da su. Iya ta ci gaba da biyowa idan ta shigo gari, ta sha ruwa, su gaisa. Ba ta ƙara tambaya ba, Shamsiyya kuma ba ta faɗa ba.

Wata rana da la'asar Najwa, wadda ta shiga sakandare a lokacin, tana zaune a shagon suna hirar babanta. Ta yi dariya ta ce, "Umma, kin san idan ya kai ni bakin kogi ba ya kirana da sunana? Jinjimi yake ce mini, wai ƙafafuna irin na tsuntsun ne. Ya ce kada in faɗa miki, za ki ce yana zagin 'yarki."

Yatsun Shamsiyya suka tsaya a kan takardar ƙungiyar manoman da take bugawa. Ba ta taɓa jin wannan sunan a bakinsa ba, ba ta taɓa gwada shi ba. Ta buɗe sabon shafi fari, ta rubuta kalmar, ta zauna tana kallonta. Babu sauran inda za a gwada.

"Umma, lafiya?"

"Lafiya lau. Tashi ki kai wa Malam Bakari takardunsa kafin ya rufe."

Tun daga ranar wasu kalmomin ma sun zo mata, a bakin wani abokinsa, ko a jikin wata motar haya, kuma kowacce idan ta zo sai ta ji a ranta cewa ita ce. Takan rubuta ta a farin shafi, ta ɗan jira, sannan ta goge ta koma kan aikin mutane.