Santimita Uku a Ajin Kimiyya

Duk wanda ya taɓa zama da jan biro a gaban takardun gwaji talatin ya san zuciyar ɗan Adam fiye da alƙali, fiye da likita, fiye ma da dillalin doya a kasuwar Lafiya. Alƙali abin da aka shirya faɗa masa yake ji. Malamin makaranta kuwa yana ganin abin da hannu ya aikata a lokacin da mai hannun ya zaci babu mai kallo. Da wannan imani na shiga shekarata ta uku ina koyar da fiziks a wata sakandare da ke kan hanyar Kwandere, kuma da shi na zauna a gindin mangwaron bayan ofishin malamai wata Talata, na soma duba gwajin 'yan aji biyar.

Babin lantarki ne. Makarantar ba ta da wuta, wayar ta zo har bakin get ta tsaya, saboda haka duk lantarkin da muka mallaka a kan allo yake. Tambayar mai sauƙi ce: ga caji biyu, tsakaninsu santimita uku, a nemo ƙarfin da suke ture juna da shi. Na lissafa amsar da kaina a bayan ambulan kafin in fara, niyuton sittin.

Takarda ta farko ta ce 0.6. Ta biyu ma haka. Da na kai ta goma na ajiye biro na gyara zama. Cikin ɗalibai talatin da ɗaya, ashirin da shida sun rubuta 0.6, kuma duk a wuri ɗaya suka zame: wajen mayar da santimita uku zuwa mita sun rubuta 0.3 maimakon 0.03. Sifili ɗaya ya ɓace wa mutum ashirin da shida a rana ɗaya.

Kuskure ba ya ɗaga mini hankali, shi ne abincin sana'ar. Amma kuskure yana da halin mai shi. Wani ya manta ya ninka nisa da kansa, wani ya juya alama, wani ya rubuta ƙa'ida daidai sannan ya tsaya yana jiran ikon Allah. Idan kuskure ashirin da shida suka zo da kamanni ɗaya, to uwarsu ɗaya.

Na zana taswirar ajin, benci benci, na sa ɗigo a kan duk mai 0.6. Ni da nake koyar da cewa caji yana baza tasirinsa a kewayensa, na kusa ya fi sha, ba sai an gaya mini inda zan duba ba. A tsakiyar ɗigogin monitar ajin take zaune, 'yar wani mai sayar da yadi, yarinya marar surutu mai kyan rubutu. Shirun nata ma, da na sake dubawa, sai na ga ya yi yawa.

Akwai kuma hujja ta biyu. Al'adarmu a makarantar, malami ba ya rubuta not a allo da hannunsa. Yakan ba monita littafinsa ta kwafa wa aji, shi kuma ya zo washegari ya yi bayani. Ke nan ita kaɗai ce ɗalibar da ke shiga ofishinmu har gaban teburina. Sai labarin ya haɗu a kaina tsaf: ta hango tambayoyin, ta je gida ta warware su ba daidai ba, ta raba wa jama'a. Dokar makaranta kuwa a fili take, duk wanda aka samu shi ne tushen satar amsa za a cire shi daga ajin kimiyya. Kowa ya san abin da wannan ke nufi gare ta, domin ilimin haɗa magunguna take son karanta, har a bangon littattafanta ta rubuta.

Na fara da samarin benci na baya, ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ba ka 0.6?"

"Lissafi ne ya ba ni, Malam."

"Lissafin nan mace ne ko namiji?"

Ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na rubuta cewa ya kasa haɗa ido da ni. Na biyu ya ce shi haddacewa ya yi. Na ce ya haddace me? Ya ce duka. Wannan ma na rubuta.

Saura mutum biyar da amsarsu ta bambanta, ɗayansu ma benci ɗaya suke da monitar. Wani malamin da sai ya ce wannan ya rushe taswirar. Ni kuwa na ce an bar su ne da gangan don a ɓad da sawu, har na ɗan yaba wa wayon yarinyar a zuciyata.

Ita na kira a ƙarshe. Ta tsaya hannu a baya.

"Malam, ban ba kowa ba."

"To ta wace hanya amsarki ta bi ta shiga takarda ashirin da biyar?"

"Ai ba amsata ba ce, Malam."

Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan jimla. Na ɗauka rabin iƙirari ne, akwai wani a bayanta.

Mataimakin shugaban makaranta, wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon mai lura da ladabtarwa, wanda Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ya karanta rahotona shafi uku ta saman tabarau.

"Malam, ka tabbata shi ne? Wannan yarinya ko biro na mutum ba ya ɗauka."

"Baba, takardu ba sa ƙarya."

"To. Mu zauna ranar Juma'a."

Ranar Juma'a da safe mahaifinta ya iso a kan acaɓa, ya rufe shago dominmu. Ya gaishe ni da girmamawar da ta ƙara mini zargi, ya zauna a bakin kujera yana riƙe da hularsa. Na baje taswira, na yi bayani na kusan minti ashirin, kuma har yau ina ganin yana cikin darussa mafi tsari da na taɓa gabatarwa.

Dattijon ya bar taswirar a inda take. Ya miƙa wa yarinyar takarda da biro.

"Santimita uku, mita nawa ne?"

Ta rubuta 0.3.

"Wa ya koya maka?"

"A not yake, Baba. Misali na biyu."

Ta fito da littafinta daga jaka. Ga misalin nan, caji biyu, nisan santimita uku, irin tambayar gwajin sak, girman cajin kawai na canza. Ga 0.3 zaune a layi na uku. Na ce wannan ba hujja ba ce, ita ta kwafa a allo, ita ta zubar da sifilin a hanya, sauran suka haddace.

"Su biyar ɗin nan fa?" in ji dattijon. "Ba su ne 'yan ƙwallo da muka tura gasa wancan mako ba? Ba su kwafi komai ba." Ya cire tabarau. "Malam, kawo naka littafi mu gani."

Na tashi na ɗauko shi daga aljihun teburina ba tare da wata fargaba ba, har na buɗe masa shafin da kaina. Ya bi layukan da yatsa a hankali. A na uku yatsan ya tsaya. Ya juyo da littafin wajena, sannan wajen mahaifin, wanda bai san fiziks ba amma ya san awo, domin da shi yake ci.

"Allah ya ba da haƙuri, Malam," in ji mahaifin. Ya sa hularsa.

An bar ta a ajin kimiyya, an sake duba takardun. Littafin kuwa tun shekarata ta farko na rubuta shi, kuma ɗaliban shekaru biyu sun riga sun haddace shi sun wuce.