Jar Rigar Uwar Ango

Duk wanda ya saba cin abinci a shagon Lanfen da ke unguwar Daerim ya san hoton bikin nan na jikin bango. Yanzu sai ƙusar kawai.

Daga Harbin ta ƙasar Sin Lanfen ta zo Seoul da ƙaramin ɗanta Deshun. Ta yi wanke-wanke a gidajen abinci har ta buɗe nata. Harshenmu ya zauna a bakinta, amma suturar matan Koriya ba ta taɓa kwanta mata ba.

"Ku kullum kamar za ku gaisuwar mutuwa," haka take tsokanarmu. "Baƙi, ruwan toka, baƙi. Kun rufe wuya ruf, kun saki cinya!"

Mu ce ai ita ce mai zuwa kasuwa da kayan barci.

"Wankakku ne," in ji ta.

Da Deshun ya tashi auren Dasom, 'ya ɗaya tilo ga Okbun, wata bazawara mai noman barkono a ƙauye, Lanfen ta ɗinka jar rigar siliki mai furen zinare. A garinsu, uwar angon da ba ta sa ja ba, cewa za a yi ba ta son amaryar.

"Mama, a nan fa..." in ji Deshun.

"A nan me? Su suka haife ka?"

Aka yi biki, aka ɗauki hoto: Lanfen jawur tana dariya, Okbun a gefenta cikin shuɗi.

Hoton ya daɗe a bango kafin wata tsohuwa mai shan romo ta ɗaga kai ta gan shi.

"Au, ashe mace kika aurar? Na ɗauka namiji gare ki."

"Namiji ne mana, Kaka."

"To me ya kai ki sa ja? Ja na uwar amarya ne, shuɗi na uwar ango. Ko jikata ta san wannan."

Mu da muka sani muka sunkuyar da kai cikin kwano. Lanfen ta kira Dasom daga madafa ta tambaye ta. Yarinyar ta yi ta murza hannu.

"Tun ina ƙarama Mama take maganar ranar da za ta sa ja. Ta ma sa shi ran nan. Da ta hango ki ta taga, sai ta sauka shagon hayar kaya ta canja. Ta ce kada a yi wa baƙuwa dariya."

Lanfen ta hau kujera ta sauke hoton da hannunta.

Da lokacin haɗa kimchi ya zo, wato kabejin da muke kwaɓawa da barkono mu adana, ta ɗinka wata jar riga ta shiga motar ƙauye tare da Dasom. Dasom ce ta ba mu labari. Sun tarar da Okbun a tsakar gida, kabeji jibge gabanta. Lanfen ta miƙa rigar da hannu biyu, maganar da ta shirya a mota duk ta gudu.

"Maman Dasom, na ƙwace miki..."

Okbun ta warware rigar, ta shafa ɗinkin.

"Maman Deshun, ina zan je da wannan? 'Ya ɗaya gare ni."

Sai ta zura ta a kan tsohuwar suwaitarta, ta naɗe hannun rigar, ta tsunduma hannunta cikin kwaɓin barkono.

"Ba laifi, ko ya zuba ba zai nuna ba. Zauna ki kama mini, kabejin nan ba ya jira."

Lanfen ta dawo da kimchi cike da bokiti. Har yau tana sa kayan barcinta zuwa kasuwa, amma ta daina yi wa kowa tsiyar baƙi da ruwan toka. Rannan na nuna mata ƙusar, na ce yaushe hoton zai koma.

Ta goge teburin da yake a goge.

"Me za ki ci?"